Faɗa a Gonar Gayya

Kowa ya san abin da ke haɗa 'yan kasuwa faɗa, riba ce. Kowa ya san abin da ke raba magada, dukiya ce. Amma akwai wani irin faɗa mai ban mamaki, watau faɗan mutanen da suka taru da yardar ransu domin su yi aiki mai amfani, ba wanda ya tilasta su, ba kuma abin da za a raba musu idan an gama. Me za su yi faɗa a kansa? Duk da haka, wanda ya taɓa zama cikin kwamitin haƙa rijiya, ko ƙungiyar taimakon marayu, ko kwamitin gyaran makaranta, ya san a irin waɗannan wurare ne akan faɗa wa juna maganar da ba a mantawa har shekara ashirin.

Tambayar da za mu duba ita ce: idan masu aikin sa kai suka saɓa, da wane ma'auni za mu gane faɗan da ke gyara aiki da wanda ke rushe shi? Za mu nemi amsa a wata gona da yawancinmu muke cin amfaninta kullum, ko da yake ba mu taɓa ganin manomanta ba.

Gonar da ba ta da shinge

A Shuwak, garin da ke bakin kogin Atbara a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, ƙasar dawa da riɗi inda Hausawa da yawa suka yi gida, ana kiran aikin gayya nafir da Larabcin wurin. Suna ne kawai ya bambanta. Mutum ya kira maƙwabta, su zo da fartanyunsu, a yi noma, a ci abinci, a watse, gobe a tafi gonar wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, wayar Android da ke aljihun manomin Shuwak, wadda yake tambayar farashin riɗi a kasuwar Gadarif da ita, yake kuma karɓar kuɗin da ɗansa ya aiko, ita ma da aikin gayya take tafiya. Kowace kwamfuta da kowace wayar zamani tana da uwar manhaja, watau manhajar da ke rarraba aiki tsakanin sassan na'ura, ta kuma ba sauran manhajoji wurin zama. Wasu kamfanoni sukan ɓoye asalin rubutun tasu, kamar mai magani da ba ya faɗin sunan saiwa. Amma a 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya yi shelar aikin GNU, domin a gina uwar manhaja wadda kowa zai iya karanta rubutunta, ya gyara, ya kuma ba wani. A 1991 wani ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, yana ɗan shekara 21, ya fara rubuta zuciyar irin wannan manhaja, ya gayyaci duk mai so ya sa hannu. Ita ce ake kira Linux. Yau a kanta Android ke zaune, kuma tun ƙarshen 2017 dukan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

Ga mutanen Sudan wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Daga 1997 zuwa 2017 ƙasar tana ƙarƙashin takunkumin ciniki na Amurka, kamfanonin can ba su da izinin sayar mata da yawancin manhajojinsu. Ko manhajar kyauta ma ba kullum ake samunta da sauƙi ba, gama a Janairun 2010 rumbun SourceForge ya rufe ƙofarsa ga masu shiga daga Sudan da wasu ƙasashe huɗu. Amma abin da lasisinsa ya yarda a kwafa a ba maƙwabci, da wuya a tsare shi a iyakar ƙasa. Ɗalibi ɗaya ya samu, ajinsu duka sun samu. Saboda haka zaman lafiyar manoman wannan gona ya shafi mutumin Shuwak, ko da bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Yadda suka saɓa

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa. Bari mu ɗauki misali uku.

Na farko, a 1993 mutum huɗu suka kafa wata uwar manhaja mai suna NetBSD. Ɗaya daga cikinsu shi ne Theo de Raadt, mazaunin Kanada, gwani ne ƙwarai, amma mai kaifin harshe. A Disambar 1994 sauran shugabannin suka nemi ya sauka, suna zarginsa da cin mutuncin mutane, suka kuma karɓe masa izinin sa hannu a aikin da shi ma ya aza harsashinsa. Shi bai yarda da yadda suka ba da labarin ba. A 1995 ya kwashi kwafin aikin, ya kafa nasa mai suna OpenBSD.

Na biyu, Debian. Ian Murdock ya kafa ta a 1993, ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin 'yan sa kai da ke harhaɗa Linux da dubban manhajoji su miƙa wa jama'a. Tana da tsarin mulki a rubuce, tana zaɓen shugaba kowace shekara, tana da kwamitin da ke yanke hukunci idan gwanaye sun kasa daidaitawa. A 2014 gardama ta tashi a kan manhajar da ke fara farkawa idan an kunna na'ura, ita kuma ta tayar da sauran. Wasu suna son sabuwa mai suna systemd, wadda Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da ita a 2010, suna cewa ta fi tsari da sauri. Wasu suka ce ta tattara ayyuka da yawa a hannu ɗaya, ranar da ta yi tuntuɓe kowa zai faɗi. A Fabrairun 2014 kwamitin mai mutum takwas ya rabu huɗu da huɗu tsakanin systemd da kishiyarta Upstart, sai shugabansa Bdale Garbee ya raba gardama da ƙuri'arsa, ya zaɓi systemd. Hukuncin bai kashe wutar ba. Poettering ya rubuta a Oktoban shekarar cewa har barazanar kisa ake yi masa. A Nuwamba, Joey Hess, wanda ya yi shekara 18 yana wa Debian hidima, ya fita. Mutum uku suka ajiye kujerunsu a kwamitin: Colin Watson, da Russ Allbery, da Ian Jackson. Wasu kuma suka ɓalle suka kafa Devuan, wadda ta fitar da cikakken aikinta na farko a 2017.

Na uku, harshen Torvalds kansa. Shekaru da yawa an san shi da zazzaga wa masu kawo gyara ashar a rubuce, a gaban duniya, idan ya ga aikinsu bai yi ba. Con Kolivas, likita ɗan Ostireliya da ke taimakawa a lokacin hutunsa, ya janye a 2007 bayan doguwar gardama, yana ganin ba a sauraron buƙatar masu ƙananan kwamfutoci na gida. Alan Cox, ɗaya daga cikin tsofaffin hannu, ya ajiye wani sashen da yake riƙe da shi a 2009 bayan sun yi sa-in-sa da Torvalds. A 2015 Sage Sharp da Matthew Garrett suka ja da baya, suna kuka da yadda ake mu'amala. Sai a Satumbar 2018 Torvalds ya nemi gafara a fili, ya ce zai tafi ya nemi taimako domin ya koyi fahimtar yadda mutane ke ji. Ya yi kusan wata guda ba ya nan, aka kuma rubuta ƙa'idar ɗa'a. Duk da haka saɓani bai ƙare ba. A kan shigar da sabon harshen rubuta manhaja mai suna Rust cikin Linux, Wedson Almeida Filho ya sauka a Agustan 2024, ya ce ya gaji da rigimar da ba ta shafi aiki ba, Hector Martin kuma ya bi sahunsa a Fabrairun 2025.

Me ya sa faɗan ya yi zafi haka?

Ina ganin dalilai huɗu, kuma ba ko ɗaya da baƙo ne a gare mu.

Dalili na farko, mai aikin sa kai ma yana da lada, sai dai ba na kuɗi ba ne. Ladansa shi ne a ga aikinsa, a ji maganarsa, a kira sunansa. Shi ya sa ake kai makaɗa gonar gayya. Ɗan ƙwadago idan an tsawata masa yakan haɗiye, gama da yamma zai karɓi kuɗinsa. Amma wanda ya hana idonsa barci wata shida yana rubutu kyauta, idan aka watsar da aikinsa da kalma biyu na raini, an ƙwace masa dukan ladansa ke nan. Mukan ce, ai ba abin da ya rasa. Alhali kuwa ya rasa iyakar abin da ya zo nema.

Dalili na biyu, ba sa ganin fuskar juna. A gayya ko an yi musu a kan wanda ya bar ciyawa a kunyarsa, da azahar a ƙwarya ɗaya za a sha fura. Waɗannan kuwa wani yana Finlan, wani yana Indiya, wani yana Barazil, rubutu ne kawai ke haɗa su. Rubutu ba shi da murmushi, ba ya sassauta murya, ba ya kuma gogewa. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta aka ajiye inda kowa zai iya tono ta bayan shekara goma.

Dalili na uku, da yawansu ba aiki kaɗai suke gani ba, aƙida suke gani. Stallman ya ɗauki 'yancin manhaja a kan batun adalci, cewa ba daidai ba ne a hana mutum taimakon maƙwabcinsa. A 1998 Eric Raymond da Bruce Perens da wasu suka fito da wani suna dabam da wani bayani dabam, suna jaddada ingancin aiki domin kamfanoni su saki jiki. Gona ɗaya suke nomawa, amma har yau ba su daidaita a kan sunanta ba. Aƙida abu ne mai kyau, ita ce ke riƙe mutum a aikin da ba biya. Haɗarinta shi ne, wanda ya gaskata yana tsaron gaskiya yakan fara ganin mai saɓa masa kamar maci amana, ba kamar ɗan'uwa mai wani ra'ayi ba. Da maci amana kuwa ba a yin sulhu.

Dalili na huɗu, gonar ta haɗa 'yan gayya da 'yan ƙwadago. Yawancin masu rubuta zuciyar Linux a yau ma'aikatan kamfanoni ne irin su Intel da Google da Red Hat, ana biyansu albashi. Debian kuwa har yanzu a kan 'yan sa kai take tsaye. Mai albashi yana da yini guda na yin gardama, ɗan sa kai yana da sa'a ɗaya bayan yara sun yi barci. Idan ra'ayin mai albashi ya yi rinjaye, ɗaya ɓangaren yakan yi zargin cewa kuɗi ne ya yi magana, ko da hujja ce ta yi.

Gaskiya da wulaƙanci

Ya kamata mu yi wa masu zafin harshe adalci, gama suna da hujja. Kuskure ɗaya a zuciyar Linux yana iya tsayar da na'urori a asibiti, ko banki, ko tashar waya. Dole a sami mai tsaron ƙofa da zai ce a'a, ya faɗe ta yadda ba mai cewa bai gane ba. A 2013 Torvalds ya kare halinsa da cewa ladabin ƙarya shi ke haifar da munafunci da soke-soken bayan ido. Wannan magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, mu Hausawa kuwa mun fi kowa buƙatar jinta. A taronmu kara da kunya sukan hana a gaya wa dattijo lissafinsa bai cika ba. Kowa ya ce madalla, a shafa, a tashi, sa'an nan a buɗe taro na biyu a gindin bishiya, inda ake yanka naman wanda ba ya nan. Rijiyar da aka gina a karkace domin an ji nauyin magini, ran da za ta rufta ba za ta ji nauyin kowa ba.

Amma akwai bambanci tsakanin cewa kunyar nan ta karkace, a sake ta, da cewa kai ba manomi ba ne, ba ka da amfani. Ta farko hukunci ce a kan aiki, kuma aiki yana gyaruwa. Ta biyu hukunci ce a kan mutum, ba ta gyara kunya ko ɗaya. Duk abin da ke da amfani a cikin tsawa yana nan cikin magana ta farko. Abin da ta biyu ta ƙara ba gaskiya ba ne, jin daɗin mai faɗa ne kawai. Gaskiya ɗaci gare ta, haka ne, amma ba kowane abu mai ɗaci ne magani ba. Abin lura ne cewa bayan 2018 Torvalds bai daina ƙin karɓar aikin da bai yi ba, aikin Linux kuma bai lalace domin ya rage ashar ba. Ashe tsananin ne ake buƙata, zagin kaya ne da aka daɗe ana ɗauka a banza.

Akwai kuma hasarar da ba a iya ƙirgawa. Waɗanda suka fita mun san sunayensu. Waɗanda suka leƙo suka koma fa? Ka ɗauki yaro mai basira a Shuwak, ko Maraɗi, ko Zariya, wanda aka rena da cewa ba a ɗaga wa babba murya, kuma kunyatar da mutum a bainar jama'a ta fi duka ciwo. Ya ga yadda ake yi wa gwanayen da suka fi shi, sai ya mayar da ɗan gyaransa aljihu. Ba wanda zai san an yi rashi. Amma shi ne zai tuna wa sauran da harufanmu masu lanƙwasa, da rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, da garin da wuta ke ɗaukewa, da tsohuwar waya mai ƙaramin ciki. Ƙofar da aka rubuta a kanta cewa a buɗe take, amma aka ɗaure kare a bakinta, ba kowa ne take buɗe wa ba.

Rabuwa laifi ce?

Mun saba ɗaukar rabuwa a kan abin kunya, kuma sau da yawa haka take. Idan 'yan'uwa suka raba gonar gado, kowa ya tashi da guntu. Amma manhaja ba haka take ba. Ta fi kama da ɗiban wuta a murhun maƙwabciya: kin tafi da garwashinki, nata bai ragu ba. Lasisin waɗannan manhajoji ya ba kowa izini ya ɗauki kwafin aikin gaba ɗaya ya bi tasa hanya. Wannan izini shi ke hana shugaba zama azzalumi, gama ya san idan ya matsa wa mutane za su tafi da kome, su bar shi da suna.

Mu duba abin da ya biyo bayan wasu rabe-raben. Daga OpenBSD, gidan mutumin da aka sallama, aka sami OpenSSH a 1999, watau makullin da masu kula da kwamfutoci a duk duniya suke amfani da shi su shiga na'ura daga nesa ba tare da ɓarawo ya saurara ba. Masu Linux suna amfani da shi, har NetBSD da ta sallame shi. A 1997 wasu suka ɓalle daga GCC, manhajar GNU mai juya rubutun ɗan adam zuwa abin da na'ura ke ganewa, domin suna ganin ana jan ƙafa. Aikinsu ya yi kyau har a 1999 aka miƙa musu ragamar gidan da suka bari. A 2016 masu OpenWrt, uwar manhajar akwatunan rarraba intanet, suka rabu biyu, a farkon 2018 suka sake haɗewa. A rigimar Debian ma akwai abin koyi. Upstart da aka kayar ta kamfanin Mark Shuttleworth ce, ɗan Afirka ta Kudu da ya kafa Ubuntu. 'Yan kwanaki bayan ƙuri'ar ya sanar cewa ya karɓi kaye, Ubuntu za ta bi abin da Debian ta zaɓa. Ya bar aikin shekaru na mutanensa domin kada gida ya rabu.

Saboda haka ba rabuwa ce kanta laifi ba, yadda aka rabu shi ne abin dubawa. Akwai mai fita ya faɗi dalilinsa a fili, ya tafi ya yi aiki, ya bar amfanin aikinsa a buɗe har ga waɗanda ya bari. Akwai kuma mai fita da ba shi da sauran sana'a sai ɓata sunan tsohon gidansa. Akwai na uku da ya fi su duka ɓarna, shi ne wanda bai fita ba, bai kuma yarda da hukunci ba, yana zaune yana tayar da maganar da aka rufe duk ran da aka taru, har masu aiki su gaji su tafi su bar masa wurin. Amma kada mu manta, ko da garwashi bai ragu ba, masu hura wutar sun rabu biyu. Rubutu yana kwafuwa, mutane ba sa kwafuwa.

Wanda aka bari shi kaɗai

Wannan ya kawo mu ga labarin da ya fi sauran ban tsoro, ko da yake ba a ɗaga murya sosai a cikinsa ba. Akwai wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna xz, aikinta matse bayanai su ƙanƙance, kusan kowace Linux tana ɗauke da ita. Shekara da shekaru mutum ɗaya ne, Lasse Collin, yake kula da ita kyauta. A 2022 wasu da ba a san su ba suka dame shi da ƙorafi, suna cewa ya yi sanyi, ya riƙe abin da ya fi ƙarfinsa, ya miƙa wa wani. Ya amsa musu cewa ƙarfinsa ya ragu, kuma aikin nan ba biyansa ake yi ba. A daidai lokacin akwai wani mai kiran kansa Jia Tan da ke ta kawo taimako cikin ladabi. Sannu a hankali aka ba shi amana. A Fabrairu da Maris na 2024 ya fitar da xz da ɓarauniyar hanya a ɓoye a cikinta, wadda aka shirya domin ta buɗe makullin nan na OpenSSH a kan wasu manyan nau'o'in Linux. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura shiga na'urarsa ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu, ya tona asirin ran 29 ga Maris 2024, kafin abin ya bazu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ina tsagar take a nan? Duniya duka tana cin amfanin mutum ɗaya, ba mai tambayar lafiyarsa. Ga shi kuma an saba da gasa wa masu riƙon aiki magana, har ya zama da masu mugun nufi suka zo da tsangwama, ba wanda ya ga baƙon abu. Inda zagi ya zama ruwan sha, ba a iya bambanta ɗan gida mai fushi da ɓarawo mai dabara. Da dabarar ta ci, da hasarar ta kai ga bankuna da asibitoci da kamfanonin waya, ta gangaro har kan mutanen da ba su taɓa jin sunan xz ba. Mutanen Sudan sun ɗanɗana abin da katsewar sadarwa ke jawowa a Fabrairun 2024, a tsakiyar yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, sa'ad da layuka suka mutu, mai kuɗi a waya ya kasa sayen abinci, uwa ta kasa jin muryar ɗanta. Wannan katsewa yaƙi ne ya jawo ta, ba manhaja ba, amma ta nuna yawan rayukan da ke rataye a wannan siririn zare.

Ma'auni

Yanzu za mu iya amsa tambayarmu. Ba a auna faɗan masu aikin gayya da wanda ya yi nasara, ba kuma da wanda ya fi gaskiya a ranar. Ana auna shi da abin da ya rage wa mutumin da ba ya wurin, wanda domin shi aka fara aikin. Idan bayan gardama aikin ya fi inganci, masu yinsa kuma suna nan, ko suna wani wuri suna ci gaba da yi, faɗan ya biya kuɗinsa. Idan kuwa an ci gardama amma hannuwa sun ragu, an bar mutum ɗaya da kayan mutum goma, to, ko wanda ya yi nasarar yana da gaskiya, mai jiran amfanin gona ne ya biya.

Wannan ma'auni yana da wuya, domin yana hana mu mafaka biyu da muka fi so. Mai kaifin harshe ba zai ƙara ɓuya a bayan cewa shi dai gaskiya yake faɗa ba, gama za a tambaye shi mutum nawa gaskiyarsa ta kora. Mai shiru ma ba zai ɓuya a bayan son zaman lafiya ba, gama za a tambaye shi wace ɓaraka ya gani ya ƙyale.

Ɗan'uwa mai karatu, wataƙila ba za ka taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba, amma kana cikin wata gayya, ko ta unguwa, ko ta makaranta, ko ta masu sana'a. Idan za ka ƙi aikin wani, ka ƙi shi a gabansa, ka faɗi dalili, ka bar masa mutuncin da zai dawo da shi gobe. Idan an kayar da ra'ayinka ta hanyar da kuka amince da ita tun farko, ka sa hannu a abin da aka zaɓa, ko ka fita da sallama. Idan ka fita, kada ka toshe hanyar komawa. Sa'an nan ka duba cikin ƙungiyarku, akwai wani da ke riƙe da littafin kuɗi, ko makullin ɗakin ajiya, ko sharar wurin taro, shekara da shekaru, ba a tuna da shi sai ran da ya yi kuskure. Ka je ka gaishe shi tun bai gaji ba, ka tambaye shi wane kaya za ka rage masa.